Muhammadu Rumfa, sarkin da ya ƙawata sarauta, ya kuma nemi a rubuta mata ƙa'ida

Duk wanda ya taɓa jin kakaki ranar salla a ƙofar fadar Sarkin Gobir ta Tsibiri, cikin gundumar Gidan Rumji, ko a fadar Sarkin Katsinar Maraɗi, ya ji muryar da ta shiga sarautar Hausa shekara fiye da 500 da suka wuce. Littafin Tarihin Kano ya ce Muhammadu Rumfa ne sarkin Kano na farko da aka busa wa ita.

Rumfa ya hau gadon sarauta a 1463, ya yi mulki har 1499. Lokacin ya zo daidai da abin da littattafan lakwal ke kira Renesans, sa'ad da biranen Italiya suka koma ga ilimin Girkawa da Rumawa, attajirai irin su Lorenzo na gidan Medisi a Fulorans suna ɗaukar nauyin magina da masu zane. Kano ma ta yi tata farfaɗowar, amma tushen da ta koma gare shi littattafan Larabci ne, dukiyar kuwa daga fatauci ta fito.

Rumfa ya tarar da ƙasa a shirye. A zamanin mahaifinsa, Sarki Yakubu, malaman Fulani suka zo daga Mali da littattafan tauhidi da lugga, Abzinawa suka sauko Gobir, gishiri ya wadata a ƙasar Hausa.

Da ya samu sarauta, sai ya kama gini. Ya gina sabuwar fada, Gidan Rumfa, inda sarakunan Kano suke zaune har yau. Ya faɗaɗa ganuwar birni, ya kafa kasuwar Kurmi, wadda ta zama matattarar fatake daga Agadas, Barno da Arewacin Afirka. Ban da kakaki, ya shigo da figini da takalman gashin jimina, da dawakan zage da ake ja a gaban sarki. Waɗannan kaya ba ado kaɗai ba ne: kowane ɗaya yana ciyar da magini ko baduku ko maƙeri ko mabushi, yana kuma nuna wa baƙo cewa ya iso birnin da ya isa. Ta fannin mulki, ya kafa majalisar Tara ta Kano, ya fara ba babanni manyan muƙamai.

Wajen 1492 wani malami ɗan Tilimsan, cikin Aljeriya ta yau, Muhammadu ɗan Abdulkarimu Almagili, ya iso Kano bayan ya bi ta Abzin. An sare itacen tsafi na birni, aka gina hasumiyar masallaci a wurin. Almagili ya rubuta wa sarki ɗan littafi mai babi 8 a kan abin da ya wajaba ga sarakuna, wanda aka sani da Tajuddini. A ciki ya yi bayanin yadda ake zaɓen ma'aikata, yadda sarki zai binciki aikinsu, yadda zai yi shari'a da adalci, inda ya halatta a karɓi dukiya da inda ya kamata a kashe ta. Gargaɗin da ya yi ta maimaitawa shi ne, ɓarna tana somawa ranar da sarki ya ɓuya wa talakawansa. An yi wannan rubutu shekara 20 ke nan kafin Makiyabeli ya rubuta nasa littafin nasiha ga sarakuna a Fulorans, a 1513.

Gargaɗin ya zo inda ake bukatarsa, domin girman Rumfa yana da nauyinsa a kan jama'a. Tarihin Kano ya ce shi ya soma kulle, shi ya soma kame, wato aika bafade gida-gida yana ɗauko ƴammata zuwa fada, har aka ce ya tara mata 1000. Ya kuma shafe shekara 11 yana yaƙi da Katsina, ba wanda ya ci wani. Bayan rasuwarsa, ɗansa Abdullahi ya gaje shi.

Littafin bai mutu tare da su ba. Bayan shekara 300, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi sun kafa hujja da rubuce-rubucen Almagili wajen sukar sarakunan Hausa, a zamanin jihadin 1804. Wannan yaƙi ne ya fitar da gidan sarautar Katsina zuwa Maraɗi, na Gobir kuma ya kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Sarakunan sun taho da kakakinsu da dawakan zagensu, al'adun da ƙasar Maraɗi, har Agye da Gazawa, take kallo a matsayin nata.

Kayan alfarmar zamanin Rumfa suna nan ana ganinsu kowace salla. Ɗayan rabin gadonsa, wato ƙofar mai mulki ta zauna a buɗe ga mai kuka, kuma a san inda kuɗin jama'a suka shiga, shi ne wanda talaka ke nema a fada da ofishin magajin gari sauran ranakun shekara.