Laplas, ɗan manomin da ya bi diddigin duniyoyi

An haifi Piyer Simon Laplas ran 23 ga watan Maris 1749, a ƙauyen Bomon, cikin yankin Normandi na ƙasar Faransa. Ubansa manomi ne. Ya so ɗansa ya zama malamin addinin kirista, ya tura shi karatu. Amma yaron, lissafi ne ya shiga ransa. Yana da wajen shekara 19 ya tafi Pari wurin Dalamber, wani babban masanin lissafi. Dalamber ya gwada shi, ya ga kansa yana ja, sai ya samo masa aikin koyarwa a makarantar soja. A 1785, cikin samarin da Laplas ya yi wa jarrabawa har da Napoleyon.

A zamaninsa duniyoyi bakwai aka sani masu kewaya rana, tamu tana ciki. Laplas ya lura da wani abu. Dukansu gefe guda suke bi, ba mai yin baya. Hanyoyinsu kuma kusan a shimfiɗe suke, kamar an zana su bisa faifai ɗaya. Me ya kawo haka?

Ya ba da amsarsa cikin wani littafi a 1796. A ganinsa, da farko babu duniyoyi, sai wani ƙaton gajimare mai zafi yana juyawa sannu sannu. Da ya fara hucewa sai ya tsuke. Yana tsukewa, juyinsa yana ƙara sauri, har ya baje kamar faifai. Bakinsa ya riƙa sakin zobe bayan zobe. Kowane zobe ya dunƙule ya zama duniya, tsakiyar kuma ta zama rana. Wani Bajamushe mai suna Kant ya riga shi kawo irin wannan tunani tun 1755.

Laplas bai iya mulki kamar yadda ya iya lissafi ba. A 1799 Napoleyon ya naɗa shi ministan cikin gida, bayan mako shida ya sauke shi. Ya rasu a Pari ran 5 ga watan Maris 1827.

Bayan rasuwarsa masana suka gano matsala. In bayaninsa daidai ne, ya kamata rana ta riƙa juyawa da gudu, alhali sai ta yi wajen kwana 25 kafin ta juya sau ɗaya. Aka daɗe ana gardama. Yau an tabbata rana da duniyoyinta daga gajimaren gas da ƙura suka fito, shekara wajen miliyan 4600 da suka wuce. Sai dai ba zobe ne ya dunƙule gaba ɗaya ba. Ƙwayoyin ƙura ne suka riƙa mannewa da juna, suka zama tsakuwa, suka zama duwatsu, har suka zama duniyoyi.

A 2014, manyan na'urorin hangen sama da ke ƙasar Cile suka ɗauko hoton wani jaririn tauraro. Faifan ƙura na kewaye da shi, zobe cikin zobe.