Ɗan Marna, Malami Mawaƙin Katsina

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa saurayi, in ka taso daga Birchi ko Kurfi ka shiga birnin Katsina ka tambayi Ɗan Marna, maƙabarta za a nuna maka, wadda aka binne Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a cikinta a 2010. In ka tambayi mai sunan kuwa, sai a yi ta kwararo maka labaran karamomi. To, abin da ya rubuta fa? Nan sai ka ji shiru.

Sunansa Muhammadu, Allah Ya jiƙansa. A littattafan Larabci Ibnus Sabbagi ake ce masa, watau ɗan marini. Ya rayu a Katsina cikin ƙarni na 11 na Hijira, kusan shekara 100 kafin a haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754.

Ka san Ishiriniya, waƙar Alfazazi, mutumin Andalus, ta yabon Annabi (SAW). Da yawanmu mun ji ana rera ta, ba mu san me baitocin ke faɗi ba. Shi zama ya yi ya rubuta mata sharhi, don mai rerawa ya gane abin da bakinsa ke faɗi.

Waƙarsa da ta fi shafarka ita ce Mazjaratul Fityan. Da Larabci ya tsara ta, kuma da samari irinka yake, yana tsawatar musu kada su kashe hasken Allah da saɓo. A cikinta ya lissafa fannonin da ya karanta, har da tafsiri da hadisi da nahawu. Lura fa, ba Masar ya je ya koyar ba, a nan Katsina aka san shi, lokacin da littafi sai an kwafa da alƙalamin kara.

Bai kau da kai daga al'amuran zamaninsa ba. Ya waƙe nasarar Mai Ali na Borno a kan Kwararrafa, a 1659 kuma ya yi wa Sarkin Katsina Karyagiwa waƙa.

Almajirinsa Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, shi ma ya yi wa Ishiriniya sharhi. Da Muhammadu Bello ya zo lissafa malaman ƙasar Hausa cikin Infaƙul Maisuri, ya ambaci malamin da almajirin duka, kowa da littattafansa.