Soichiro Honda: Ɗan maƙerin da ƙarancin fetur ya koya wa tattalin mai

Tun bayan janye tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, masu ababen hawa da dama suka koma lissafin nisan da kowace lita za ta kai su. Shekaru da dama kafin haka, wani bakanike a Japan ya yi irin wannan lissafi, kuma amsar da ya samo na yawo a titunanmu har yau.

An haifi Soichiro Honda a ranar 17 ga Nuwamban 1906 a wani ƙauye kusa da birnin Hamamatsu. Mahaifinsa maƙeri ne mai gyaran kekuna. Yana ɗan shekara 15 ya tafi Tokyo koyon gyaran mota a garejin Art Shokai. Daga baya ya kafa masana'antar zoben fistin da yake sayar wa Toyota, amma ruwan bama-bamai na yaƙin duniya na biyu da girgizar ƙasa ta 1945 suka rusa ta.

Japan ta fito daga yaƙin a ragargaje, fetur kuma sai da rabo. A 1946 Honda ya sayi ƙananan injunan da sojoji suka bari, waɗanda a da ke ba rediyoyinsu lantarki, ya riƙa ɗaura su a jikin kekuna. Saboda tsananin ƙarancin mai, har man da ake tatsa daga saiwar itacen fayin aka riƙa zuba musu. Da injunan suka ƙare, sai ya fara ƙera nasa, ya kafa kamfanin Honda a 1948.

Bayan shekara guda Takeo Fujisawa ya shigo ya riƙe harkar kuɗi da kasuwanci. Su biyun suka fitar da babur ɗin Super Cub a 1958. Yawancin ƙananan baburan lokacin injinsu mai bugu biyu ne, wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai, kuma wani kaso na man yakan fice ta salansa bai ƙone ba. Honda ya dage a kan inji mai bugu huɗu, mai ƙona mai sosai da rage hayaƙi. Ya rufe gaban babur ɗin da roba maimakon ƙarfe, nauyi ya ragu, shan mai ma ya ragu. Ya kuma sa kuloci mai sarrafa kansa, domin ko ɗan aiken gidan abinci ya iya tuƙi da hannu ɗaya. Zuwa 2017 an ƙera Super Cub miliyan 100, adadin da babu wani abin hawa mai inji da ya taɓa kai. Baburan da ake kira roba-roba a Arewa sun gaji wannan tsari.

Honda da Fujisawa sun sauka daga shugabanci tare a 1973, kuma bai bar wa ɗansa kujerar ba. Ya rasu a Tokyo ranar 5 ga Agustan 1991 yana da shekara 84. Ƙasarsa ba ta da arzikin mai a lokacin da ya fara, har yau ma shigo da shi take yi. Najeriya kuwa, mai haƙo ɗanyen mai tun 1958, shekarar da Super Cub ya fito, har yanzu daga Asiya take sayo yawancin baburan da talakawanta ke hawa.