Robert Noyce, mutumin da ya karya farashin ƙwaƙwalwar na'ura

Yawancin kwamfutocin da ke aiki a duniya a yau ba su da allo, ba su da madannai, kuma babu mai zama a gabansu. Suna ɓoye ne a cikin mitar wutar lantarki, da katin cire kuɗi, da injin mota, da fitilar titi mai aiki da hasken rana. Sau ɗaya ake kunna su, su yi shekara da shekaru suna aiki da ɗan lantarkin da bai taka kara ya karya ba, wasunsu ma kuɗinsu bai kai dala ɗaya ba. Wannan araha tana da tarihi, kuma cikin waɗanda suka assasa ta akwai ɗan wani limamin coci daga karkarar Amurka, Robert Norton Noyce.

An haife shi ranar 12 ga Disamba, 1927, a garin Burlington na jihar Iowa, shi ne na uku cikin 'ya'ya maza huɗu. Ya tashi a Grinnell, wani ƙaramin gari a yankin manoman masara, inda yana ɗan shekara 12 suka ƙera jirgin sama marar inji shi da yayansa. A kwalejin garin ya haɗu da malamin kimiyyar lissafi Grant Gale, wanda ya samo samfurin tiransisto ba da jimawa ba bayan masanan kamfanin Bell sun ƙirƙiro ta a ƙarshen 1947. Tiransisto makunni ce 'yar mitsitsiya da ke buɗe wa lantarki hanya ko ta rufe. Kafin ita, kwalaben gilashi masu zafi da cin wuta ne ke wannan aiki. Kwamfutar ENIAC ta shekarun 1940 tana ɗauke da kusan 18,000 daga cikinsu, tana shan kilowat 150, kuma dole ma'aikata su tsaya a kanta suna sauya waɗanda suka ƙone.

Noyce ya kammala digirinsa na uku a jami'ar MIT a 1953, ya yi aiki a kamfanin Philco, sannan a 1956 ya koma Kalifoniya ƙarƙashin William Shockley, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro tiransisto. Shockley gwani ne a kimiyya, amma zama da shi sai mai haƙuri. A 1957 Noyce da abokan aikinsa bakwai suka ajiye aiki rana ɗaya, suka kafa kamfanin Fairchild Semiconductor da jarin attajiri Sherman Fairchild.

Matsalar da ta addabi masana'antar a lokacin ita ce haɗi. Ana yin tiransistoci da yawa a kan faifan silikon guda, a yanka su ɗaya bayan ɗaya, sannan ma'aikata su sake haɗa su da siraran wayoyi da hannu. Kowane haɗi kuɗi ne, kuma kowane haɗi wuri ne da na'ura za ta iya mutuwa. Abokin aikinsa Jean Hoerni ya gano hanyar lulluɓe silikon da wata siririyar fata mai kare shi. A watan Janairun 1959 Noyce ya rubuta a littafinsa na ɗakin gwaji cewa za a iya shimfiɗa layukan ƙarfe a kan wannan fata, su haɗa sassan tun suna kan faifan, ba sai an yanka ba. Watanni kaɗan kafin haka Jack Kilby na kamfanin Texas Instruments ya nuna tasa haɗaɗɗiyar da'irar, sai dai da wayoyi aka haɗa sassanta. An shafe kusan shekara goma ana shari'a kan haƙƙin mallaka, daga baya aka riƙa ɗaukar su biyun a matsayin waɗanda suka ƙirƙiro ta. Hanyar Noyce ce dai masana'antu suka bi, domin ita ce ake iya bugawa da yawa kamar yadda maɗaba'a ke buga takarda.

Da farko babu mai saye sai gwamnati. Ƙwayar silikon ta yi wa 'yan kasuwa tsada, amma hukumar sararin samaniya ta NASA da rundunar sojin sama suna neman kwamfuta marar nauyi, mai cin wuta kaɗan, wadda za ta yi aiki inda makaniki ba zai iya zuwa ba. Kwamfutar kumbon Apollo, wadda aka gina da ƙwayoyin da Fairchild ya tsara, nauyinta kimanin kilo 32 ne, tana cin wat 55 kacal. Tsauraran gwaje-gwajen da masu sayen suka gindaya su suka tilasta wa kamfanoni ƙwarewa. Noyce ya yi maraba da gwamnati a matsayin mai saye, amma ya yi ɗari-ɗari da kwangilolin binciken soja, don gudun kada kamfaninsa ya saba da ƙera kaya masu tsada domin mai saye guda.

A tsakiyar shekarun 1960 ya ɗauki matakin da ya girgiza kasuwa. Ya sanar cewa Fairchild zai sayar da wasu ƙwayoyinsa a farashin da bai kai kuɗin sassan da suke maye gurbinsu ba, bai ma kai abin da kamfanin ke kashewa wajen ƙera su ba, har aka kai ga dala ɗaya kowace ƙwaya. Lissafinsa shi ne, kuɗin sarrafa faifan silikon kusan ɗaya ne ko ƙwayoyi nawa masu kyau suka fito daga cikinsa. Idan araha ta jawo masu saye, yawan bugu zai koya wa ma'aikata rage asara, kuɗin kowace ƙwaya ya faɗo ƙasa da farashin da aka sa mata. Da lissafin ya kuskure, da kamfanin ne zai durƙushe. Hakan ba ta faru ba. Matsakaicin farashin ƙwaya a Amurka ya sauka daga dala 50 a 1962 zuwa ƙasa da dala uku a 1968, masu ƙera kwamfutocin kasuwanci kuma suka shigo da manyan oda.

Ba kowace dama ce kamfanin ya kama ba. A 1963 wani ma'aikacinsa, Frank Wanlass, ya nuna tsarin CMOS, wanda ke haɗa tiransistoci iri biyu ta yadda kusan ba sa cin wuta sai a lokacin da suke sauya hali. Wanlass ya bar Fairchild, kuma kamfanin RCA ne ya fitar da jerin ƙwayoyin wannan tsari a 1968. Shi ne tsarin da ya sa agogo ko na'urar auna yanayi ke iya daɗewa a kan batir ɗaya.

A watan Yulin 1968 Noyce da Gordon Moore suka kafa Intel. Shekara guda bayan haka kamfanin Busicom na Japan ya nemi a yi masa ƙwayoyi goma sha biyu domin injin lissafi. Injiniya Ted Hoff ya ba da shawarar a yi ƙwaya ɗaya da za ta bi duk umarnin da aka rubuta mata, Noyce ya mara masa baya. Federico Faggin da Masatoshi Shima da Stanley Mazor suka taka rawa wajen kammala aikin, aka fitar da Intel 4004 mai tiransisto 2,300 a watan Nuwamban 1971. Intel ya mayar wa Busicom dala 60,000 domin ya sami ikon sayar da ita ga kowa. Daga nan aka kai ga 8048 a 1976 da 8051 a 1980, cikakkun kwamfutoci a ƙwaya guda, waɗanda aka yi domin a dasa su cikin wata na'ura a manta da su. Intel ya daina ƙera 8051 a 2007, amma wasu kamfanoni na ci gaba da buga irinta.

A wurin aiki Noyce ya ƙi keɓantaccen ofishi da keɓantaccen wurin ajiye mota, ya kuma bai wa ma'aikata damar mallakar hannun jari. Wannan ɗabi'a da tasirinsa suka sa aka yi masa laƙabi da magajin garin Silicon Valley.

A shekarunsa na ƙarshe makamin da ya wasa ya juyo kansa. Kamfanonin Japan suka mamaye kasuwar ƙwayoyin ajiyar bayanai da inganci da araha, har Intel ya fita daga wannan kasuwa a 1985. Mutumin da ya taɓa nesanta kansa da kuɗin binciken gwamnati ya koma yawan zirga-zirga zuwa Washington yana neman a ceci masana'antar. A 1988 ya karɓi shugabancin Sematech, haɗin gwiwar kamfanoni 14 da gwamnatin Amurka, wadda ke zuba dala miliyan 100 a shekara. Yana kan wannan aiki ya rasu sakamakon bugun zuciya a birnin Austin na jihar Texas ranar 3 ga Yuni, 1990, yana da shekara 62. Shekara goma bayan haka aka bai wa Kilby kyautar Nobel kan haɗaɗɗiyar da'ira. Noyce bai samu ba, domin ba a bai wa mamaci wannan kyauta.