TANDA BALOGUN, GWANIN TAMAULA

Sunan da na fi ji a bakin kakana a Kurfi, in ana hirar tamaula, shi ne Tanda Balogun. Da na zo makaranta Dutsin-Ma sai na bi diddigin labarinsa, ga kuma abin da na samo.

Sunansa na yanka Taslimu. An haife shi a Ikko. Tanda laƙabi ne na Turanci, ma'anarsa aradu, saboda ƙarfin bugunsa. Har ana tatsuniyar wai ya taɓa kashe gola da ƙwallo, amma wannan ƙarin gishiri ne na masoya.

Ya yi wa ƙungiyoyi da dama wasa, ciki har da ta ma'aikatan reluwe ta Ikko, da ta Jos a nan Arewa. Sau bakwai yana zuwa wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, ya ɗauka sau biyar.

Abin da ya fi burge ni shi ne tafiyar 1949. A shekarar aka zaɓi 'yan wasan Nijeriya, har da shi, suka shiga jirgin ruwa zuwa Ingila. Yawancinsu ba takalmi suka yi wasa, ga sanyi, ga Turawa da takalma masu ƙusa. Duk da haka a karon farko suka lallasa ƙungiyar Marine da ci 5 da 2. Ba a kwashe da daɗi kullum ba, don cikin wasa tara an cinye su biyar, amma ba su karaya ba.

Cikin 1955 ya koma Ingila, ya shiga Peterborough, daga baya kuma Queens Park Rangers ta Landan. Da ya dawo gida sai ya zama mai koyar da wasa, har ya raka 'yan wasanmu Olamfik a Meziko cikin 1968. Allah ya yi masa rasuwa ran 30 ga Yuli, 1972. Akwai filin wasa mai sunansa a Surulere.

To, 'yan'uwana ɗalibai, da yawanmu kan ƙi fita fili da la'asar wai don ba mu da takalmi. Ni ma na taɓa jin wannan kunya. Amma da rashin tayi akan bar arha. Wanda ya taka filin Ingila da ƙafa tsirara bai bar mana hanzari ba. Allah ya jiƙansa, amin.