Samuel Meltzer

Samuel James Meltzer (22 ga Maris, 1851 – 7 ga Nuwamba, 1920) likita ne ɗan Amurka kuma masanin yadda sassan jikin ɗan Adam ke aiki. An fi saninsa da binciken da ya yi tare da malaminsa Hugo Kronecker kan yadda mutum ke haɗiya. Wannan aiki shi ne tushen gwajin auna matsi a bututun abinci, wato manometiri, wanda likitoci ke amfani da shi har yau.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Meltzer a yankin Panevėžys na ƙasar Lituweniya, a lokacin tana ƙarƙashin daular Rasha. Iyayensa Yahudawa ne. Ya tafi Jamus neman ilimi, ya karanci falsafa da likitanci a Jami'ar Berlin, ya kuma samu digirin likita a 1882.

Bincike kan haɗiya

A Berlin, Meltzer ya yi gwajin a jikinsa. Yakan haɗiye siraran bututu masu ɗan balan-balan a bakinsu, ɗaya ya tsaya a maƙogwaro, ɗaya ya sauka cikin bututun abinci. Duk sa'ad da tsoka ta matse balan-balan ɗin, sai wani alƙalami ya zana layi a kan takarda mai juyawa. Ta haka suka ga cewa tsokokin baki ne ke tura ruwa ƙasa da sauri, sannan matsewar bututun abinci ta biyo baya daga sama zuwa ƙasa. Sun kuma lura cewa idan mutum ya yi haɗiya a jere da sauri, bututun ba ya matsewa sai bayan ta ƙarshe. Hakan ya nuna cewa jijiyoyi na sa tsoka ta saki kamar yadda suke sa ta matse. Sun wallafa cikakken sakamakon a 1883.

Rayuwa a Amurka

Daga nan Meltzer ya koma birnin New York, inda ya shafe shekaru yana duba marasa lafiya, yana bincike a lokacin da ya samu sarari. A 1903 ya jagoranci kafa ƙungiyar Society for Experimental Biology and Medicine. A 1904 ya shiga Cibiyar Rockefeller. Shi da surukinsa John Auer sun yi nazarin yadda gishirin magnesiyam ke kashe jin zafi, kuma a 1909 suka nuna hanyar hura iska cikin huhu ta bututu, abin da ya sauƙaƙa tiyatar ƙirji. Ya rasu a New York yana da shekara 69.

Tasirin aikinsa

A 1956 Charles Code da abokan aikinsa na asibitin Mayo sun auna matsin zoben tsoka da ke ƙarshen bututun abinci, wanda ke tsare ƙofar tumbi. A 1980 John Dent da Wylie Dodds da abokan aikinsu suka nuna cewa zoben yakan saki na ɗan lokaci ba tare da an yi haɗiya ba, sai ruwan tumbi mai tsami ya hauro ya jawo ƙwarnafi. A yau likitoci kan yi gwajin matsi kafin a yi wa mai wannan ciwo tiyata, don tabbatar da cewa bututun abincinsa na aiki daidai.