Elvis Presley, direban da ya zama sarkin kidan rock

An haifi Elvis Presley ne a gidan talakawa a Tupelo, jihar Mississippi ta Amurka, a shekarar 1935.

Yana tukin babbar mota a Memphis lokacin da kamfanin Sun ya fitar da faifansa na farko a 1954.

Ya gauraya salon wakokin bakar fata da na turawan karkara a zamanin wariyar launin fata, matasa suka rungume shi, iyaye kuwa suka yi tir da rawarsa.

Masu suka na ganin ya ci gajiyar fasahar mawaka bakar fata wadanda ba su samu irin daukakarsa ba.

Ya mutu a gidansa na Graceland a 1977, yana da shekaru 42.